Yadi tara a Kantin Kwari

Ɗazu da hantsi na shiga Kantin Kwari sayen shadda. Yaron shagon ya auna min yadi goma, ya sa almakashi, sai da ya yanke muka ga ashe tara ne. Hannunsa har rawa yake, ya kasa ɗago kai. Na gama sawa a raina yau zai sha zagi a bainar jama'a. Alhajin ya taso daga kan dardumarsa, ya ba ni haƙuri, ya jawo bandirin, ya sake miƙa wa yaron almakashin. "Sake aunawa, ɗana. Ƙirga da ƙarfi in ji." Ya ƙirga ɗaya har goma, ya yanka daidai. Zan fita na ji yana ce masa a hankali a ajiye taran, za ta yi wa wani, kuma gobe shi yaron ne zai buɗe shago.

Yara shida gare ni a shagon ɗinki. Ranar da ɗaya ya ɓata wuyan riga, ƙwace aikin na yi na hau keken da kaina, yana tsaye yana kallona. Tun ranar ba ya taɓa wuya sai ya tambaye ni sau uku, ni kuma ina ta cewa ba shi da himma. Wallahi sai yau na gane ni na karya masa gwiwa. Akwai kaftani biyu da ke jiran wuya, gobe in Allah ya kai mu shi zan ba.