Kunna murhun gas: ashana kafin makunni

Kuskuren da ya fi ƙona gira a madafa shi ne a buɗe makunni, sannan a tafi neman ashana. Kafin a ƙyasta, gas ya taru, sai wuta ta tashi fuu. Ki fara buɗe rigileta, wato abin buɗewa da rufe gas da ke kan tukunyar gas, ki ƙyasta ashana, ki kai ta bakin kan murhu, sannan ki danna makunnin ki murɗa hagu a hankali.

Murhu mai kunna kansa kuwa, dannawa da murɗawa ne sai ki ji ƙas-ƙas. In bai kama ba cikin daƙiƙa biyar, ki rufe, ki jira minti ɗaya. Sau da yawa ruwan wanki ne ya jiƙa ɗan farin tsinken da ke fid da tartsatsi, ko batir ya mutu.

Wuta mai lafiya shuɗiya ce. In ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, ko da miyar da ta tafaso ta zube, ko da ƙurar hunturu, wadda ba ta raga wa kowane gida a Sakkwato. A cire kan murhun bayan ya huce, a tsokace ramukan da allura. Kada a sa tsinken tsintsiya, karyewa yake a ciki.

In kin ji warin gas, rufe rigileta, buɗe ƙofa, kada ki taɓa makunnin lantarki. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, inda kumfar ta riƙa kumbura nan gas yake yoyo. Da zafin Afrilu kuma, tukunyar gas ɗin ta zauna a inuwa, a tsaye.