Talata: ɗaya da ɗaya nawa ne?

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba, amma tambayar Oga ta hana ni barci, gara in sauke ta a nan.

Safiya lafiya lau. Koko da ƙosai a bakin titi, mai a-daidaita-sahu bai tsaya neman fasinja ba, har na riga masinja isa ofis.

Wajen goma da rabi Hajiya ta kira daga bene, wai fayil na jan ƙafa kafin ya buɗe. Na shiga ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin ofis suke, na tsuguna. Wayoyin nan biyu da na ɗaure wuri ɗaya watan jiya, don su yi aiki kamar hanya ɗaya tsakanin suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis) ɗin ƙasa da na bene, kowacce gigabit 1. Fitilar wayar da ke rami na 23 tana ta ƙyaftawa ba numfashi, ta 24 kuwa sai ta yi ƙyaf ta kwanta. Na duba ƙididdiga, kusan duk abin da ke hawa bene ta 23 yake bi. LACP, tsarin da ke kula da ɗaurin wayoyin, bai ga aibu ba, a wurinsa ɗauri na nan daram.

Ɗan bautar ƙasarmu ya leƙo ta bayana ya ce, "Injiniya, wannan suwic ɗin fa bai iya rabon kwana ba, kullum ɗakin amarya." Na yi dariya har na buga kai da ƙofar akwatin.

Sakacina ne. Suwic ɗinmu, Catalyst 2960-X, yana zuwa ne a kan saitin rabon kaya na src-mac, ni kuma ban taɓa saitin ba. Yakan dubi adireshin MAC na mai aikowa, wato lambar shaidar na'urarsa, ya yi ɗan lissafinsa, lissafin ya nuna masa wayar da zai bi. To kusan duk abin da mutanen bene ke nema ta rauta, na'urar da ke haɗa mu da sauran hanyoyin sadarwa, yake ratsowa, ita kuwa MAC ɗinta ɗaya ne. Komai yawan masu jira a sama, a idon suwic mai aikowa mutum ɗaya ne. Na bari sai da aka fita sallar Azahar, tunda saitin na dukan suwic ɗin ne, na mayar da shi src-dst-ip, wato ya riƙa haɗa IP (adireshin kowace kwamfuta) na mai aikowa da na mai karɓa. Na bene ban taɓa shi ba. Kowane suwic abin da yake fitarwa kaɗai yake rabawa, shi kuma kwamfutoci ne birjik a bayansa. Kafin a dawo daga masallaci fitilu biyun suna ta wasa tare. Na ci shinkafa da wake ina jin kaina.

Bayan La'asar sai ga Oga da kansa. Ya ce in kwafo masa ajiyar mako daga babbar saba zuwa rumbun ajiyar da ke bene, yana so ya gani da idonsa. Dukansu na ba su wayoyi bibbiyu. Na danna. Gudun ya hau, ya kai wajen megabayit 112 a daƙiƙa, ya tsaya cak, daidai abin da waya ɗaya ke iya ɗauka.

Ya daɗe yana kallon allon.

"Injiniya, ɗaya da ɗaya nawa ne?"

"Biyu ne, ranka ya daɗe."

"To ina ɗayan?"

Na shiga bayani. Na ce titin ne ya zama layi biyu, amma tirela ɗaya ba ta tsagewa ta bi duka biyun. Wannan kwafin hira ce guda tsakanin na'ura biyu, IP ɗinsu bai canja ba, don haka lissafi kullum waya ɗaya zai nuna. Ya ce me zai hana a riƙa yi bi da bi, fakiti (guntun saƙo) ɗaya nan, ɗaya can? Na ce in aka yi haka na baya yakan riga na gaba isa, TCP, mai kula da isar saƙo, ya zaci wani ya ɓata a hanya, ya sake aikowa, ya kuma rage gudu. Shi ya sa ƙa'idar ɗaure wayoyi, tun tana 802.3ad a 2000, har aka mayar da ita 802.1AX a 2008, sharaɗinta kada a hargitsa jerin fakitin hira ɗaya. Yaron nan ya sa baki, wai ai Linux na da balance-rr mai yin bi da bi. Na galla masa harara ya yi tsit. Alhali bai yi ƙarya ba, sai dai ko saba ta raba, suwic ɗin da ke tsakiya zai sake tattara su a waya ɗaya.

Oga bai yi musu ba. Ya buɗe fayil ɗin da ke hammatarsa, ya zaro takardar da na rubuta ta neman kuɗin aikin, ya ɗora yatsa a layi na uku. "Zai ninka gudu." Ga sa hannuna a ƙasa.

Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "To, Allah ya kyauta," ya mayar da takardar ya fita.

Abin da ke cina shi ne na sani. Ranar da nake rubuta layin nan na san faɗin hanya ne zai ninka, ba gudun mota ɗaya ba. Na ga dai "gudu" ya fi saurin fito da kuɗi.

Gida, ba wuta. Tuwo miyar kuka. Uwargida ta tambaye ni sau biyu ko lafiya, na ce gajiya ce.

Gobe zan ba rumbun IP na biyu, in raba ajiyar gida biyu, in gwada da umarnin suwic na test etherchannel load-balance in ga ko sabon adireshin zai faɗa ɗaya wayar. In bai faɗa ba in canja lamba. Sai kuma yaron nan, ban san ta inda zan fara ba shi haƙuri ba.