Kifin da aka yi musayar Maraɗi da shi

Talata, bayan sallar isha'i.

Kawu Isufu ya iso daga Maraɗi jim kaɗan bayan azahar tare da Mamman, kuma kamar yadda ya saba, bai taɓa ruwan da aka kawo masa ba sai da ya ƙirga mana shingayen hanya ɗaya bayan ɗaya, daga Ɗan Isa har Magamar Jibiya. Maman Hafsa ta yi dambu, kowa ya ci ya ƙoshi, gida ya cika da hira da dariya.

Abin da ya hana ni barci ya faro ne daga bakin yara. Hafsa ta tambayi Mamman ajinsa nawa a makaranta, shi kuwa ya amsa da cewa mushensu na lakwal ya hana su zuwa ba tare da kaye ba, wato malaminsu na makaranta ya hana su zuwa ba tare da littafin rubutu ba. Ta yi ta kallonsa kamar ya yi wani yare, sannan ta fashe da dariya har ta dafa bango. Kawu ya ce mata, "Daina yi wa ɗan'uwanki dariya, jikata. Ku Ingilishi ya riƙe ku, mu Faransi ya riƙe mu, ba wanda ya zaɓi ubangidansa."

Da na yi shiru da ya fi, amma halin malanta ya motsa. Na ce, "Kawu, ai saura ƙiris ku ma ku zama namu." Na ba shi labarin yadda a 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, alhali a lokacin babu sojan ɗayansu a Kano ko Damagaram. A 1898, shekarar da suka kusa gwabzawa a Fashoda, wadda yanzu take cikin Sudan ta Kudu, inda Marchand ya kafa tutar Faransa, Kitchener na Ingila ya iso da rundunar da ta fi ƙarfinsa, sun sake zama suka zana wani baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Wannan rabon ya bar Birnin Ƙonni da Maraɗi a ɓangaren Ingila, ya bar wa Faransawa hanyar da babu isassun rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram, su kuwa burinsu shi ne su haɗe mallakarsu daga Senegal har Chadi.

Daga nan na zo kan maganar da tun ina ɗalibi take yi mini ciwo. A yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904, wadda a cikinta Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar mata Maroko, Faransawa sun haƙura da wani tsohon haƙƙinsu na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda yanzu yake cikin Kanada. Cikin abin da aka biya su da shi har da tura iyakar nan tamu kudu, domin ayarinsu ya riƙa samun ruwan sha.

Kawu ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Kifi, Yusufa?" Na ce, "Kifi, Kawu." Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce ashe shi ya sa Maraɗawa ba su da tsada a idon Katsinawa. Da dariyar ta lafa sai ya gyara zama, ya ce kada in ɗora wa Nasara komai, domin tun kafin zuwansa Maraɗi da Katsina ba sa ga maciji, tun da jihadi ya kori sarakunan Haɓe suka koma can, kuma kakarsa ta sha ba shi labarin hare-haren Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi na da.

Gaskiyarsa ce, ban kuma musa ba. Sai dai a ganina akwai bambanci tsakanin gabar da mutane suka ƙulla da kansu, wadda aure da fatauci da yafiya suke iya warwarewa, da layin da baƙi biyu suka shata domin kada su yaƙi juna. Su sun sasanta, har suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a yaƙin 1914, amma mutanen Ƙonni da ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ƙone garinsu a 1899 babu wanda ya tambaye su a wane ɓangare suke so su kwana. Ban faɗa wa Kawu wannan ba, domin na ga gajiya ta fara rinjayarsa.

Ya manta katin shaidarsa a kan teburina. Sunansa na ci, amma a katin an rubuta Issoufou, nawa kuma Yusuf, har Hafsa ta rantse ba suna ɗaya ba ne. Gobe da safe zan raka shi wurin 'yan canji ya karya sefarsa, ita kuma ta riga ta ce in sayo mata kaye guda biyu.