Na je Osaka sayen injuna, na tarar gari ya haukace a kan Hanshin

Ba kallon wasa ya kai ni Japan ba. Injunan mota na je nema, da giyabos da sauran kayan da muke saukewa a Ƙofar Ruwa, tunda motocinsu masu sitiyarin dama ne, ba sa shigowa ƙasarmu a tsaye sai an yanka. Hanya ba ta da wani labari, in ban da wani jami'i a filin jirgin da muka yada zango, wanda ya yi ta juya fasfona yana tambayar wa ya biya mini kuɗin tikiti. Na ce masa Allah. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Daga Tokyo na hau Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, awa biyu da rabi zuwa Osaka, kuɗinsa ya haura yen 14,000. Na mayar da shi dala, na mayar naira, sai na kashe wayar don kada hawan jinina ya tashi.

Wanda ya tarbe ni wani yaron zango ne ɗan Kumasi, ya daɗe a can, yana jin yarensu, shi ne tafintana. Ko jaka ban ajiye ba ya ce, "Alhaji, ka zo a makon da ba mai hankalin ciniki." Na ɗauka wasa yake. Sai na fara lura da launin ɗorawa da baƙi ko'ina: a wuyan direban tasi, a ƙofar shagon aski, har a jikin wata tsohuwa mai tura keke. Ƙungiyar besbol ɗinsu ce, Hanshin Tigers. Shekarar 2023 ce, tun da watan Satumba ya kama ba a ci su ba, kuma a lokacin rabonsu da zama zakarun gasarsu tun 2005. Ƙungiyoyin ƙwararru 12 ne a ƙasar, an raba su gida biyu, shida-shida, kowacce tana buga wasa 143 a kaka. Shekara 18 kenan Hanshin na kallon wasu suna ɗauke tutar nasu rukunin.

Mai yadin kayan motar da nake sayayya a wurinsa dattijo ne, mai taurin kai a ciniki irin wanda ban taɓa gani ba. Ya faɗi kuɗi sau ɗaya, ya naɗe hannu. In ka taya, sai ya dube ka da mamaki, don su ba su san tayi ba. A bangon ofishinsa akwai allo, maimakon farashin kaya lamba guda ce a jiki, wadda yake gogewa kullum ya rage: adadin abin da ya rage a ci kofi. Ranar Alhamis 14 ga Satumba na iske an rubuta 1. Ya ce yau ba aiki, kamfaninsa na da kujerun shekara a filin wasa, mu tashi. Tikitin da mutane ke nema ido rufe, shi ya miƙa wa baƙon da bai san ko ta ina ake riƙe sandar ba. Allah ya saka masa.

Filin sunansa Koshien, a garin Nishinomiya, tsakanin Osaka da Kobe. An gina shi a 1924, ganye ya lulluɓe bangonsa, yana ɗaukar mutum kusan 47,000. Abin da ya fara ɗaukar hankalina a matsayina na ɗan kasuwa shi ne, jirgin ƙasan da ya kai mu na kamfanin Hanshin ne, ƙungiyar tasa ce, katafaren kantin da ke kan tashar Umeda ma sunansa ne a jiki. Ka biya ka hau, ka biya ka shiga, in an ci ka koma ka yi sayayyar murna. Wanda ya tsara wannan ya san kuɗi.

Ƙarfe shida aka fara, da Yomiuri Giants na Tokyo, manyan abokan gabarsu. Wasan kansa kuwa, a farko gundura ta kama ni. Mutum ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata duka da sanda ya kuskure, a tsaya, a sake. Zagaye tara ake yi, biyar suka wuce babu ci. Amma 'yan kallo ba su zauna shiru ko minti ɗaya ba. Kowane ɗan wasa da waƙarsa, da kakaki da ganga, dubban mutane baki ɗaya, in kuma abokan hamayya suka karɓi duka sai su yi tsit su bar wa 'yan tsirarun baƙi nasu lokacin. 'Yan mata na hawa da sauka da tulun giya a goye, ni dai shayin gora na sha, don abincin wurin sai ka yi ta tambaya ko da alade.

A nan dattijon ya yi mini bayanin da ya sa na fara ganin hikimar abin. Kocinsu na lokacin, Akinobu Okada, ɗan shekara 65, yana cikin 'yan wasan da suka ci kofin ƙasa baki ɗaya, wanda ya fi na rukuni, a 1985, shi ne kuma kocin 2005. Da ya dawo a kakar 2023 bai ce a sayo masu ƙarfin duka ba. A dokar wasan, in mai jifa ya karkace sau huɗu, mai duka zai wuce kusurwar farko a tafe, kyauta. Okada ya sa kamfani ya ƙara wa wannan tafiyar kyauta daraja a lissafin albashi. Da yara suka ga haƙuri na kawo kuɗi, sai suka daina kai wa kowace ƙwallo duka, suka fi kowa a rukunin samun irin wannan wucewa. Wannan kam na gane shi sarai, ko ban san dokar ba. Yaran shago ma abin da kake biya a kai shi suke yi maka.

A zagaye na shida Oyama na Hanshin ya buɗe ci, sai Teruaki Sato ya maka wata ta haye katanga, aka koma 3 da nema. Benen da muke kai har rawa yake. Amma abin da ba zan manta ba shi ne zagayen ƙarshe. Da mai jifan rufewa, Iwazaki, ya fito, sai aka sa wata waƙa daban, filin gaba ɗaya ya ɗauka, na waiga na ga manyan mutane na share hawaye. Tafinta ya raɗa mini cewa waƙar shigowar wani tsohon ɗan wasansu ce, Shintaro Yokota, wanda ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya kashe a watan Yuli yana da shekara 28. Ana cikin haka Sakamoto na Giants shi ma ya maka wata ta haye katanga, ci ya koma 4 da 3, dattijona ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Daga baya ƙwallo ta tashi sama, Nakano na Hanshin ya cafe, wasa ya ƙare. Nasara 11 a jere. Suka ɗaga Okada suna cilla shi sama, suka ɗaga Iwazaki yana riƙe da rigar marigayin mai lamba 24.

Na ga murnar Pillars a Kano a 2014, na san yadda babura ke cika titi. Nan kuwa mutane suka yi kuka, suka rungumi waɗanda ba su sani ba, sannan kowa ya tsince shararsa a leda, suka bi layin jirgi biyu-biyu. Ba turereniya, ba wanda ya taɓa mini aljihu. Na yaba, amma gaskiya akwai ɗan sanyi a ciki. Murnar da ba ta hana ka kama jirgin ƙarshe ba, ban san sunanta ba.

Tafinta ya ce in haukan nake so mu je Dotonbori. Kogi ne ƙarami a tsakiyar Osaka, ruwansa ba kyan gani, al'adarsu ce su faɗa ciki in Hanshin ta ci. A 2003 sama da mutum 5,000 suka yi tsalle, ɗaya ya mutu, shi ya sa a wannan karon aka jibge 'yan sanda kimanin 1,300. Sun tsare gadar Ebisu, suna roƙon mutane da lasifika, roƙo fa, ba kulki ba. Duk da haka wasu suka sulale ta gefe suka dira. A kogin nan ne a 1985 suka jefa gunkin tsohon nan na ƙofar shagon soyayyen kaza na KFC, wai ya yi kama da gwarzonsu Ba'amurke Randy Bass. Bayan na 1985 ba su sake cin kofin ƙasa ba sai a Nuwamba 2023, suka ce alhakinsa ne ya jawo jinkirin. An tsamo shi a 2009, har yau suna maganar. Mutanen da ke ƙera jirgi mai gudun kilomita 285 a awa, ga su da camfi.

Washegari Juma'a kantin Hanshin ya karya farashi don murna, layi tun kafin a buɗe. Na kutsa na sayo wa yara huluna da tawul, wanda ko da ragin ya fi kuɗin shadda mai kyau. Daga nan na wuce Kobe na yi sallah a masallacin da aka gina a 1935, wanda ya tsira daga ruwan bama-baman yaƙi da girgizar ƙasar 1995. Sahu ya cika da 'yan Indonesiya da Pakistan, aka kai ni wani shago na ci shinkafa da naman halal har na ƙoshi.

Da na koma yadi, dattijon nan da ba ya rage sisi ya ja layi a kan takardar kuɗina, ya zaftare wani abu mai kauri, ya kuma sa yaransa suka cusa mini lagireto da shokozoba a kwantena kyauta. Na ce wa tafinta ya gaya masa, "Baba, Allah ya ba Hanshin kofi kowace shekara." Ya ce in bar wannan addu'a, zai karye.

Nagoya na leƙa wasu yadi biyu, tsada. Kyoto ruwan sama da 'yan yawon buɗe ido. Kafin na taso Orix Buffaloes, ɗaya ƙungiyar ta Osaka, ita ma ta lashe nata rukunin a 20 ga wata, karo na uku a jere, sai dai ban ga wanda ya jiƙa wandonsa a kogi saboda su ba. Kwantena ta bar Kobe, saura in ga nawa dala za ta kai kafin ta iso Legas.