Godiya bayan an sallami 'yarmu daga duba ido

Assalamu alaikum. Jiya likitar ido ta duba 'yarmu karo na ƙarshe, ta tabbatar mana cewa jijiyoyin jinin da ke shimfiɗe a tantanin bayan idonta sun kammala girma. Bayan godiya ga Allah, na ga ya wajaba in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mana.

Bakwaini aka haife ta, cikin yana mako 29, nauyinta kilo 1.2, kuma ta shafe makonni a kwalba ana ba ta iskar oksijin. Ni a lokacin numfashinta kaɗai nake tunani. Likitan jarirai ne ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa jijiyoyin bayan ido ba sa kai ƙarshen girmansu sai dab da cikar wata tara, don haka jaririn da ya fito da wuri, musamman wanda ya daɗe a kan oksijin, jijiyoyin nasa na iya tsayawa, daga baya su yi tsiro barkatai har su janyo tantanin ya ɓalle, a rasa gani, alhali babu wata alama da uwa za ta lura da ita daga waje. Shi ya rubuta mana ranar duba idon, mako huɗu bayan haihuwa, ya kuma hana mu ɗaga ta. Likita, Allah Ya saka maka da alheri.

Ranar farko da na ga an ɗiga mata magani, an tale fatar idon da wani ɗan ƙarfe, tana tsala kuka, fita na yi daga ɗakin. An sami ciwon a mataki na biyu, aka yi ta bibiya, ya lafa da kansa ba tare da an kai ga leza (aikin ido da ake yi da haske) ko allurar ido ba.

Godiya ta musamman ga ma'aikaciyar jinyar da ta hana a zubar da dakashi. Surukata ta ga launinsa rawaya ta ce bai dace da jinjiri ba, kamar yadda aka saba faɗa a gidajenmu, sai ma'aikaciyar ta ce mata cikin ladabi: "Hajiya, wannan launin shi ake nema." Sinadaran karotinoyid ne ke ba shi launin, kuma biyu daga cikinsu, lutin da ziyazantin, suna taruwa a tsakiyar tantanin ido. Jiki ba ya ƙera su, daga abincin uwa suke shiga nono. Ma'aikaciyar ta kuma ja kunnenmu cewa duk da jariran da ke shan nonon uwa sun fi tsira daga mummunan matakin ciwon, nono ba ya maye gurbin dubawar likita. Tun daga ranar Hajiya ba ta fasa aiko da kwaɗon zogale, miyar alayyahu da dafaffen ƙwai ba. Hajiya, mun gode.

Ita kuwa maiɗakina, na sha tarar da ita ƙarfe biyun dare tana tatsar nono a ɗan kofi, abin da bai kai cokali biyu ba, ana ɗura wa yarinyar ta siririyar robar hanci. Allah Ya biya ki.

Maƙwabta da jama'ar masallacinmu da suka tallafa da kuɗi da addu'a, Allah Ya bar zumunci. Walimar da muka jinkirta za mu yi ta ranar Asabar bayan la'asar, in sha Allah.