Ranar da Uwar Adashi ta Shigo Ajinmu

Laraba, bayan sallar isha'i.

Ƙafafuna ciwo suke yi, tun ƙarfe takwas nake tsaye, amma ba zan kwanta ban rubuta abin da ya faru yau ba, kada gobe in manta yadda fuskokin yaran nan suka koma.

Yau ne 'yan aji ukun da nake koya wa ƙirar manhaja suka fito da ayyukansu a gwada. Rukuni tara ne, kowanne mutum biyar, mako shida ke nan suna kai. Tun farkon zango na gaya musu ba ni zan gwada ba, waɗanda aka yi abin dominsu su za su zo su taɓa da hannunsu. Wasu sun ɗauka barazana ce irin ta malamai. Da suka ga na shigo da baƙi uku, wani dillalin tumatir daga kasuwar Yankaba, da wani mai shagon magani, da wata Hajiya uwar adashi ta unguwarmu, sai ajin ya yi tsit. An ɗauke wuta wajen ƙarfe tara, janareton sashe kuma ba mai, amma hakan bai hana komai ba tunda a waya za a yi gwajin.

Doka ɗaya na kafa. In baƙo ya riƙe waya, ba mai taɓa ta, ba mai yi masa bayani. A gaya masa abin da ake so ya yi, a ja baki a yi shiru, a rubuta inda ya tsaya da inda ya yamutsa fuska. Na tuna musu abin da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta a 2000, cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan fito da wajen kashi 85 cikin ɗari na abubuwan da ke hana a yi amfani da manhaja cikin sauƙi. Na ce mu yau mutum ɗaya kowane rukuni zai samu, don haka kada a bar kalma ɗaya ta faɗi ƙasa.

Rukuni na huɗu su suka yi manhajar adashi, kuma a ido babu wadda ta kai tasu kyau. Launi ya zauna, rubutu ya fita, har da ɗan hoton asusu da ke motsi in an yi zubi. Hajiya ta zauna, ta gyara mayafi, ta ajiye littafinta a kan tebur. Littafin makaranta ne mai layi-layi, bangonsa ya yi laushi don shan hannu, an ɗaure shi da robar kuɗi. A ciki take rubuta zubin mata ashirin duk Asabar.

Shugaban rukunin ya miƙa mata waya da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, ki saka sunan mace ɗaya, ki rubuta cewa ta yi zubin wannan makon."

Shafin farko imel yake nema da kalmar sirri. Ta dubi wayar, ta dube shi. "Ɗan nan, mene ne imel?" Hannunsa ya tafi zai karɓa, na ce masa hannu a aljihu. Minti biyu cur muna kallonta, kuma na san a wurinsa sun fi awa. Daga baya na ce a tsallake mata wannan shafin a ci gaba. Ta saka sunan da kyar, ta yi zubin, ta yi murmushi da asusun ya motsa. Har yaran sun fara sakin jiki.

Sai ta ce, "To idan wata ta haihu fa? Ina zan taɓa in ba ta kwasar wannan makon, mai layin ta jira?"

Babu wurin. Sun tsara abin ne yadda wadda ta fara shiga ita za ta fara kwasa, ba a canzawa har a ƙare. Hajiya ta buɗe littafinta ta nuna musu sunayen da aka soke aka maimaita a ƙasa, da kibiyoyi nan da can. Ta ce ba a taɓa gama zagaye ɗaya ba a yi musaya ba: suna, biki, jinya, kuɗin makarantar yara. Ta ce ai rabin amfanin adashin ke nan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshe. Akwai shafin da ke nuna wa kowa da ke cikin adashin sunayen waɗanda ba su yi zubi ba, da jan rubutu. Yaran suna alfahari da shi, sun ce shi ke kawo gaskiya. Hajiya ta ajiye wayar a hankali ta ce, "Malama, wannan ai tonon asiri ne. In mace ta gaza, ni da ita ne. Wani lokacin ni ke cike mata, ta biya ni daga baya, ba wadda za ta ji. Ranar da aka sa sunanta da ja, ba za ta sake shigowa gidana ba."

Ba wanda ya yi magana. Sai na lura da ɗaya daga cikin 'yan matan rukunin, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta sunkuyar da kai tana murza biro.

Bayan azahar na kira su biyar ɗin ofis. Kafin su zo na buɗe ma'ajiyar aikinsu a GitHub, shafin intanet da ake ajiye aikin manhaja. Amfanin Git, tsarin adana tarihin canje-canje da GitHub ke aiki da shi, ke nan ga malami, ko da yake ba don mu Linus Torvalds ya ƙirƙire shi a 2005 ba: kowane canji yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Kusan duk aikin shugaban ne, yawancinsa tsakanin sha biyun dare da asuba. Yaro ne mai ƙwazo, ban da haufi a kansa. Amma da na buɗe bayanan hirar da na sa su yi da masu adashi a mako na biyu, sai ga rubutun yarinyar nan. Ta yi hira da kakarta da wata maƙwabciya, kuma ta rubuta ƙarara cewa ana musayar kwasa, kuma ba a bayyana wadda ta makara. Mako huɗu rubutun yana nan ajiye.

Na tambaye ta me ya sa ba ta nace ba. Ta ce, "Na faɗa sau ɗaya, Malama. Ya ce ya riga ya gina rumbun bayanan, canzawa zai ɓata komai. Ni kuma ban iya rubuta manhaja kamarsa ba, sai na yi shiru." Shi kuma ya ce wallahi bai raina ta ba, gani ya yi lokaci na ƙurewa, kuma in bai yi ba ba mai yi.

Na yarda da su duka biyun, kuma wannan ne ke damuna. Kowace shekara haka nake gani: wanda ya fi saurin hannu a kwamfuta shi ke zama mai yanke hukunci ba tare da an zaɓe shi ba, sauran su koma 'yan rakiya. Shi ya sa ma ban yarda rukuni ya wuce biyar ba. Mutum biyar, hanyoyin magana tsakaninsu goma ne. In suka kai takwas sun zama 28, kuma a nan ne maganar mai sanyin murya ke ɓacewa. Na koya musu tsayuwar minti 15 da ake yi kullum a Scrum, wani tsarin gudanar da aiki a rukuni, kowa ya faɗi abin da ya yi da abin da ya tare masa hanya. Na karanta musu abin da masana manhaja 17 suka amince a kai a jihar Utah ta Amurka a 2001, cewa mutane da mu'amalarsu sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci. Sun haddace, sun rubuta a gwaji, sun ci maki. Yau ne suka ga abin da ake nufi. Ni ma da nawa laifin, don da na riƙa bibiyar bayanan hirar nan mako-mako da na gano tun da wuri. Daga yanzu ba rukunin da zai rubuta layi ɗaya na manhaja sai sun zana shafukan a takarda, wanda ya yi hirar ya sa hannu cewa sun dace da abin da ya jiyo.

Rukuni na biyu kuwa daɗi suka sa ni. Saƙon farashin tumatir suke turawa ta tes zuwa ƙananan wayoyi, sai suka ga kuɗin saƙo yana ninkuwa. Su da kansu suka gano dalili: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai tsarin ya sauya ya koma harafi 70, saƙon ya rabu gida biyu ko uku. Suka yi ta gardama, a cire ƙugiyar ko a gajarta saƙon. Wani ya ce kowa zai gane, wata ta ce baki daban, baƙi daban. Dillalin tumatir ya raba gardamar, ya ce shi sunan kasuwa da kuɗin kwando kawai yake so, a bar dogon turanci. Suka gajarta, ƙugiya ta tsira. Mai shagon magani ma ya ba rukunai uku aikin da zai ishe su mako biyu.

Da zan raka Hajiya bakin titi ta hau adaidaita, sai ta ce in turo mata yaran ranar Asabar da la'asar, lokacin da mata ke kawo zubi, su zauna su gani da idonsu. Ta ƙara da cewa gidan aure ne, maza ba sa shiga, sai dai su tsaya a zaure. Na gaya wa rukunin. 'Yan matan biyu za su shiga, mazan uku su jira abin da za a fito musu da shi. Shugaban ya ɗan yi jim, sannan ya juya wurin yarinyar ya ce ta rubuta masa tambayoyin da take ganin ya kamata a yi, shi zai buga ya kawo.

Ɗazu da magariba na sake leƙa ma'ajiyarsu. An cire shafin jan rubutun, kuma sunanta ne a kan canjin, karo na farko tun da aka fara. Sai in tuna gobe in cire musu kuɗin adaidaita na Asabar, in kuma kira Hajiya in ji ko ta isa gida lafiya.