Na hana bakina tuwo, ban hana shi "ki dawo gobe" ba

Ni tela ne. Shekara 27 ke nan ina kan keke a Sabon Garin Zariya, kuma ba sai na faɗa muku sunan da muka yi wajen saɓa alkawari ba. Na fara da wannan ne, ƙannena, don ku san irin mutumin da ke ba ku shawara. Ran Lahadi na tarar da 'yan ƙungiyar matasa a ƙarƙashin dalbejiyar cocinmu suna lissafin abin da kowa zai bari a azumin kwana 40 na kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu. Wannan zai bar shayi, waccan za ta rufe Facebook, wani kuma ya ce ko ruwa ba zai sha ba sai rana ta faɗi. Na tuna kaina lokacin ina kamarsu. Dariya ce ta fara kama ni, kafin in isa gida kunya ta karɓe ta.

Ni dai na girma ina wannan azumi ba tare da na san ko lissafinsa ba. Daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin da shafa toka a goshi, zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne. Idan aka cire Lahadi 6 da ke ciki, sai a sami 40, daidai da kwanakin da Yesu ya yi a jeji yana azumi kafin ya fara hidimarsa. Ana cire Lahadi ne saboda ranar tashinsa daga matattu ce, ba ranar makoki ba. Na haura shekara 30 ban san haka ba. Ina ta hana kaina abinci ran Lahadi, ina yi wa masu cin shinkafa bayan sujada kallon marasa imani.

Tokar ma na mai da ita ado. Ganyen dabinon da muka ɗaga a Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da ke kafin Ista, shi ake ƙonawa, Fada ya shafa maka a goshi yana tuna maka cewa kai ƙura ne, ga ƙura kuma za ka koma. Magana ce da ya kamata ta sanyaya jikin mutum. Ni kuwa sai in fito ina taƙama, in bi ta cikin kasuwa da gangan, da dare in wanke fuska ina kewaye goshin don ta kai gobe. Alhali karatun da ake yi a wannan rana, Matiyu sura 6, cewa yake idan kana azumi ka wanke fuskarka, ka shafa mai, kada mutane su gane. Da kunnena nake jin wannan kowace shekara, yana shiga ta dama yana fita ta hagu. Ba laifi ba ne ka wuni da tokarka. Amma ka tambayi zuciyarka wa kake so ya gani.

Sai gasa. Akwai maƙwabcina Alhaji mai sayar da zare da maɓalli, mutumin kirki, mai barkwanci. Wata rana ya tsokane ni ya ce azuminmu na 'yan gata ne. Wasa yake yi, ni na ɗauka da zafi. Na ce zan nuna musu. Na shiga azumi daga asuba zuwa magariba, ba ci ba sha, a kan keke. Kun san Ista ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, saboda haka azumin kullum a ƙarshen hunturu yake kamawa ya kutsa cikin zafin bazara. Kafin ƙarfe 2 na rana na zama zaki. Yaran shagona suna ganin Larabar Toka ta matso sai gabansu ya faɗi. Akwai wanda na kwaɗa wa katakon awo a baya don ya ƙona wuyar riga da dutsen guga, yaron da ko karin kumallo ban saya masa ba. Da yamma in zauna in cinye abincin mutum biyu, in kwanta kamar kasa, addu'a kuwa sai gobe.

Abin da ikilisiyarmu ta Katolika ta wajabta bai kai haka ba. Azumin dole kwana 2 ne, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, ga mai shekara 18 zuwa 59: ka ci sau ɗaya ka ƙoshi, sauran biyun ka ɗan taɓa kaɗan. Sai barin nama a ranakun Juma'a ga wanda ya kai 14. Mara lafiya da mai ciki da mai shayarwa an ɗauke musu. A da ina raina wannan, ina ganin ya yi arha. Yanzu na gane an rage wa ciki kaya ne don a bar wa zuciya ƙarfin ɗaukar nata. Wanda yake da lafiya ya ga zai iya ƙarawa, Allah ya ba shi iko. Amma mai gyambon ciki da ke murƙususu a ɗaki don kada abokai su ce ya gaza, ba Allah yake yi wa ba.

Barin naman ma na san yadda na yi da shi. Juma'a na yi, sai farfesun tarwaɗa da lemo mai sanyi, kuɗin ya ninka na tsiren da na bari. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ba ta iya karatu ba, amma ta fi ni gane abin. A ƙauyenmu ta wajen Malumfashi, duk lokacin azumi, in ta auni dawar tuwo sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a wata 'yar tukunya a bayan ƙofa. Kafin Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista, an tara mudu da dama. Da dare za ta ɗora mini a kai ta ce, "Kai gidan tsohuwar nan, ka ajiye a bakin ƙofa ka juyo. Kada ka tsaya a gode maka." Ita takan ce addu'a da azumi da sadaka duwatsun murhu ne, ka janye ɗaya tukunya ta kife. Abin da ka hana cikinka, in bai shiga cikin wani ba, to adashi ka yi wa kanka.

Duk waɗannan ƙananan kurakurai ne in aka gwada da wanda zan faɗa yanzu.

Lokacin azumi shi ne kakarmu, mu teloli, domin kowa na son sabon ɗinki ran Ista. Na san ƙarfina bai wuce ɗinki 35 ba, amma in karɓi 60, in amshe kafin alƙalami, in ce Allah zai kawo dabara. Wata shekara wata gwauruwa daga Zumuntar Mata ta kawo mini farin yadi. 'Yarta za a yi wa baftisma a daren Ista, kuma ta daɗe tana tara kuɗin yadin daga sayar da ƙosai. Saura mako 4 ta kawo, ba ta makara ba. Na cusa nata a ƙasan kaya saboda shaddojin masu kuɗi sun fi tsoka. Sau 4 tana biyan kuɗin mota tana zuwa. Kowane zuwa in ce, "Mama, saura guga kawai, ki dawo gobe," alhali almakashi bai taɓa yadin ba. Ɗaya daga cikin ranakun Juma'a ce, dawowata ke nan daga Hanyar Gicciye, addu'ar da ake bin wahalar Yesu mataki-mataki, ana tsayawa a wuri 14 da muke kira tasha. Na durƙusa a tasha 14, ƙurar coci tana gwiwar wandona, bakina ya bushe da azumi, da wannan bakin na yi mata ƙarya ina kallon idonta.

Daren Juma'a Mai Kyau na yanka yadin cikin barci da gaggawa. Rigar ta fito ɗamamme, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Rabin yadin da ya ragu kuma na jefa shi a buhun ƙyallaye kamar yadda na saba, ban ko ji ɗar ba. Ran Asabar ta zo da yarinyar, aka gwada, ba ta shiga ba. Na shirya jin zagi. Sai kawai ta ninke rigar ta ce, "Ɗana, da ka faɗa mini gaskiya tun farko, ai da na kai wani wuri." Da rigar aro aka yi wa yarinyar baftisma. Ina coci a daren, riƙe da kyandir, ana rera Halleluya da aka yi makonni ba a rera ba, ni kuwa na kasa buɗe baki.

Bayan Ista na je wurin Baba Katikis, tsohon da ya koya mana addini muna yara. Maimakon in fara da laifina, sai na fara ba shi labarin yadda na yi azumi ba ci ba sha. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To, yaro, wa ya ƙoshi da yunwar taka?" Ya buɗe Ishaya sura 58 ya ce in karanta da ƙarfi. A wurin, mutane ne ke ƙorafi cewa sun yi azumi Allah bai kula ba. Aka amsa musu cewa a ranar azumin ma harkar gabansu suke yi, suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da naushi. Na ji kamar annabin ya taɓa zama a shagona. Baba ya ƙara mini da Zakka mai karɓar haraji a Luka sura 19, wanda da ya tuba bai tsaya ga kuka ba, ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki 4. Ya ce in je in faɗi zunubina gaban Fada, amma in sani yadin mutane ba zai koma hannunsu da kansa ba.

Wallahi azumin bazara ya fi wannan sauƙi. Sai da na yi mako 3 ina kewaye unguwar matar kafin na iya yin sallama a ƙofarta. Na mayar mata da kuɗin ɗinki da na mota da rabin yadinta, na ɗinka wa yarinyar wata rigar. Ba ta yi mini wa'azi ba, ruwa ta ba ni na sha. Daga nan na zazzage buhun ƙyallaye, na ɗauko littafin awo, na bi waɗanda zan iya ganewa. Wasu suka yi dariya, wata ta zage ni tas ta ce ashe da ma ɓarawo ne ni, wani ya ɗauka taɓin hankali ya same ni. Yaron da na doka ya riga ya bar shagon. Na same shi a tasha yana achaba, na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma bai dawo ba, kuma bai ƙarasa koyon ɗinkin ba. Wannan har yau yana ci mini rai.

Don haka kafin ku zauna lissafin shayi da Facebook, kowa ya nemo nasa "ki dawo gobe". Ɗalibi ya san abin da yake ɓoyewa a safa ran jarrabawa. Mai POS ta san canjin da take yi kamar ta manta. Akwai wanda ke binka dubu 5 tun bara, in ka ga lambarsa sai ka kife waya. Akwai 'yar'uwar da kuke zama benci ɗaya a ƙungiyar mawaƙa, shekara guda ba ku gaisa ba, kuma ku tashi tare ku karɓi Jibin Ubangiji, gurasar tsarki da ake rabawa a sujada. Matiyu sura 5 ta ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. In kun rasa gane naku, ku tambayi wanda kuke kwana gida ɗaya da shi. Ni da na tambayi matata me zan bari, ko tunani ba ta tsaya yi ba ta ce, "Tsawa."

Kuma ku ɗauki abin da za ku iya kaiwa ƙarshe. Na sha ɗaukar alkawarin tashi ƙarfe 3 na dare, in yi kwana 5 in watsar, daga nan in ce ai na riga na karya, sai baɗi. Minti 10 da safe kafin ka taɓa waya, da Zabura 51, ko rabin sura daga Bisharar Markus wadda duka sura 16 ce, ya fi wancan amfani. In ka faɗi a mako na biyu, ka tashi ka ci gaba a na uku. Mako Mai Tsarki kuwa ku ƙwace shi daga hannun sana'a tun da wuri. Shekaru da yawa ban ga wankin ƙafafu da ake yi a coci a daren Alhamis ɗin makon ba, ina shago da fitila ina cika alkawuran da bai kamata in ɗauka ba.

A 2025 azumin Ramadan ya kama ran 1 ga Maris, Larabar Toka ta biyo ran 5. Ga ɗinkin Sallah a ƙarshen wata, ga na Ista ran 20 ga Afrilu. Ni da Alhaji muka tsufa a layi ɗaya, yanzu ba mai tsokanar wani sai dai ya aiko mini da kunu da ƙosai in an sha ruwa. Aiki ya yi ta zuwa kamar ruwan Agusta. Na rubuta 35 a saman littafi, da ya cika na ja layi. Wani tsohon mai ɗinkina ya zo da shadda mai tsada ya ce zai ninka kuɗi, na nuna masa shagon wani yaro a bayan layi, ya tafi yana fushi.

Amma kada ku ɗauka na zama waliyyi. Ran Talatar Mako Mai Tsarki wata ta zo karɓar atamfarta, ban ankara ba na ji bakina ya ce, "Saura guga, ki dawo gobe." Har ta kai bakin titi tana tsayar da mota. Na tashi na bi ta ba takalmi, na ce, "Hajiya, yi haƙuri, ƙarya na yi miki. Ban yanka ba. Sai Alhamis da rana." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce to, Alhamis ɗin ta Allah ko ta teloli?